BABI NA UKU: TARIHIN LINZAMIN KWAMFUTA DA FAIFAN SHAFA DA YADDA SUKA ISO HANNUN ƊALIBAN BIRNIN ZARIYA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin na'urori biyu waɗanda mutum ke amfani da su wajen nuna wa kwamfuta abin da yake so, watau linzamin kwamfuta da kuma faifan shafa da ake samu a jikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Za a duba asalinsu da mutanen da suka ƙago su, da yadda kowannensu yake karɓar motsin hannu ya mayar da shi lissafi. Daga nan sai a waiwayo gida a ga yadda suka iso ƙasar Zazzau, da irin matsayin da suka samu a rayuwar ɗalibin Birnin Zariya tun daga lokacin da aka mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, waɗannan na'urori ba su san nufin mai riƙe da su ba, iyakacinsu su ƙirga motsi su miƙa wa kwamfuta ta fassara bisa wasu ƙa'idoji da aka gindaya mata. Wanda bai taɓa koyon waɗannan ƙa'idoji ba yana iya tuntuɓe da su ko da kuwa ya san karatunsa sarai.

3.1 Suna da Ma'ana

Turawa sun kira wannan na'ura da sunan ɓera a harshensu, saboda ƙanƙantarta da kuma wayar da ke fita daga jikinta kamar wutsiya. Wasu Hausawa sun bi sahunsu suna cewa ɓera, wasu kuma sun ari kalmar Turancin suna cewa mawus. Amma sunan da ya fi dacewa da aikinta shi ne linzamin kwamfuta. Sunan ɓera siffa kawai ya duba, shi kuwa linzami aiki ya duba. Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau ya san cewa mahayi ba ya yi wa doki magana da baki, ɗan jan da zai yi da hannu shi ke isa bakin doki ta hanyar linzami, doki kuma ya juya dama ko hagu ko ya tsaya cik. Haka abin yake ga kwamfuta. Hannu yana motsi a kan tebur, wata 'yar alama da ake kira kibiya tana motsi a fuskar kwamfuta.

Shi kuwa faifan shafa, shi ne ɗan shimfiɗaɗɗen filin nan mai kusurwa huɗu da ke ƙasan madannan kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ake shafawa da yatsa domin a kora kibiya. An kira shi faifai a wannan aiki saboda faɗinsa, an kuma danganta shi da shafa saboda da ita ake sarrafa shi.

3.2 Asalin Linzamin Kwamfuta

Kafin a ƙago linzami an fara ne da ƙwallon da ake murzawa da tafin hannu. Wani injiniya mai suna Ralph Benjamin ya ƙera irinsa a Ingila a shekarar 1946 domin aikin na'urar hangen jirage ta sojojin ruwa, sa'an nan a 1952 injiniyoyin Kanada suka yi nasu cikin wani shiri na soja mai suna DATAR. Da yake duka biyun aikin soja ne, ba su fito fili a lokacin ba.

Wanda tarihi ya fi danganta linzami da shi shi ne Douglas Engelbart na Cibiyar Bincike ta Stanford da ke jihar Kalifoniya a Amurka. Shi ya kawo tunanin, abokin aikinsa Bill English kuma ya ƙera na farko a shekarar 1964. Ɗan akwatin katako ne mai maɓalli ɗaya a sama, da ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa, ɗaya yana fuskantar gaba, ɗaya yana fuskantar gefe. Idan aka tura akwatin gaba ko baya sai ƙafa ta farko ta juya, idan aka tura shi dama ko hagu sai ta biyu ta juya. Ta haka aka raba kowane irin motsi gida biyu, na tsaye da na kwance, kuma a kan wannan rabo ne duk na'urorin da suka biyo baya suka ginu.

Su Engelbart sun gwada wannan akwati tare da wasu na'urorin nuni, kamar alƙalamin haske da sandar juyi da ma wata da ake turawa da gwiwa, linzami ya yi fice a cikinsu. Ranar 9 ga Disamba, 1968, Engelbart ya nuna shi a bainar jama'a a wani taron masana kwamfuta a birnin San Faransisko. An ba shi takardar mallakar fasaha a 1970. A shekarar 1968 ɗin dai kamfanin Telefunken na Jamus ya fitar da nasa linzamin wanda ke tafiya a kan ƙwallo.

Daga baya Bill English ya koma cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, inda aka maye gurbin ƙafafun nan biyu da ƙwallo a 1972. Kwamfutar Alto ta 1973 da Star ta 1981 duk sun zo da linzami, sai dai tsadarsu ta hana su yaɗuwa. Bayan ziyarar da Steve Jobs ya kai wannan cibiya a 1979, kamfanin Apple ya sa aka ƙera mai araha, ya haɗa shi da kwamfutar Lisa a 1983 da Macintosh a 1984. Shi ma Microsoft ya fara sayar da nasa a 1983. Ke nan an ɗauki kimanin shekara ashirin kafin linzami ya fito daga ɗakin bincike ya shiga kasuwa.

3.3 Yadda Linzami Mai Ƙwallo Yake Ƙirga Motsi

Idan aka kifar da irin wannan linzami aka buɗe murfinsa, za a ga ƙwallon ƙarfe mai nauyi wanda aka lulluɓe da roba. A cikin ramin da yake zaune akwai 'yan sanduna biyu da yake gogawa, ɗaya ta motsin tsaye, ɗaya ta motsin kwance. A ƙarshen kowace sanda an maƙala wata 'yar ƙafa mai tsage-tsage a gefenta. A ɓangare ɗaya na wannan ƙafa akwai ƙaramar fitila, a ɗaya ɓangaren kuma akwai idanun lantarki biyu. Da zarar ƙwallo ya juya sai sanda ta juya, ƙafa ta riƙa tare haske tana sakinsa, na'ura kuma tana ƙirga sau nawa hasken ya ɗauke ya dawo. Yawan ƙirgen shi ne nisan tafiya.

Hikimar sanya idanu biyu maimakon ɗaya ita ce gane inda aka dosa. An ɗan gusar da ɗaya daga ɗaya, saboda haka haske ba ya isa gare su lokaci guda. Idan na farko ya riga na biyu gani, an san gaba aka yi, idan kuwa na biyu ya riga, an san baya aka yi. Daga nan linzami sai ya aika wa kwamfuta ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da abu uku: ko an danna maɓalli, da yawan ƙirgen kwance, da yawan ƙirgen tsaye. Linzami mai mahaɗin PS/2, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, yakan aika irin wannan saƙo sau 100 a daƙiƙa ɗaya, na USB na yau da kullum kuwa sau 125.

Abin lura a nan shi ne, linzami bai san inda yake a kan tebur ba, bai kuma san inda kibiya take ba. Bambancin da ke tsakanin ɗazu da yanzu kaɗai yake bayarwa. Shi ya sa idan hannu ya kai bakin tebur, ana iya ɗaga linzami a mayar da shi tsakiya ba tare da kibiya ta gusa ba. Babban rauninsa kuwa shi ne datti. Ƙwallo yana kwasar ƙura da maiƙon hannu ya manna wa sanduna, sai su daina juyawa daidai, kibiya ta riƙa maƙalewa ko ta yi tafiya gefe ɗaya kawai. A ƙasa irin tamu mai ƙurar hunturu, wannan matsala ta fi tsanani, kuma maganinta shi ne a ciro ƙwallon a kankare sandunan.

3.4 Linzami Mai Haske

Tun a farkon shekarun 1980 masana biyu, Steve Kirsch da Richard Lyon, kowa ta nasa ɓangaren, suka ƙera linzamin da ke aiki da haske ba tare da ƙwallo ba, sai dai nasu yana buƙatar shimfiɗa ta musamman mai zane-zane. A shekarar 1999 ne Microsoft ya fitar da wanda ke aiki a kan kusan kowane tebur. A ƙarƙashinsa akwai jar fitila da take haska tebur a karkace domin ƙananan ramuka da tudun da ido ba ya gani su yi inuwa, da kuma wata 'yar kyamara mai ɗaukar hoto kimanin sau 1,500 a daƙiƙa. Hotunan ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su wuce ɗigo 18 a tsaye da 18 a kwance ba. Na'urar lissafin da ke ciki tana kwatanta kowane hoto da wanda ya gabace shi, ta ga ɗigo nawa inuwoyin suka gusa, da kuma ɓangaren da suka yi. Sakamakon dai shi ne lambobin nan biyu na tsaye da na kwance. Wannan ne dalilin da ya sa yake ruɗewa a kan gilashi ko madubi, domin babu wani tabo da zai riƙe ya yi kwatance da shi. A 2004 kamfanin Logitech ya fitar da wanda ke amfani da hasken leza, wanda ya fi ganin ƙananan alamomi.

3.5 Faifan Shafa

Da kwamfutocin tafi-da-gidanka suka fara yawa, sai aka buƙaci abin nuni wanda ba ya neman tebur. An gwada ƙaramin ƙwallo a jikin kwamfutar, IBM kuma ya sanya wata 'yar jar sanda a tsakiyar madannai a 1992. Wanda ya yi rinjaye shi ne faifan shafa. George Gerpheide na kamfanin Cirque ya ƙera wanda aka sayar da sunan GlidePoint, kuma a 1994 Apple ya sanya wannan fasaha a kwamfutocinsa na PowerBook 500. Kamfanin Synaptics shi ma ya shigo da nasa, wanda masu ƙera kwamfuta da yawa suka karɓa.

A ƙarƙashin santsin faifan akwai siraran layukan tagulla da aka jera a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma, sai dai ba su taɓa juna. A duk inda layin tsaye ya gitta na kwance, akwai ɗan cajin lantarki da ke riƙe a tsakaninsu. Jikin ɗan Adam, saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa, yana ɗaukar lantarki. Idan yatsa ya kusanci wata mahaɗa sai ya janye wani ɓangare na cajin, na'ura kuma tana zagaya mahaɗun nan sau da yawa a kowace daƙiƙa tana auna wadda ta ragu. Da yake kan yatsa ya fi mahaɗa ɗaya faɗi, sai ta auna duk waɗanda abin ya shafa ta fitar da tsakiyarsu, nan ne take ɗauka a matsayin mazaunin yatsa. Saboda haka faifan ba nauyin hannu yake ji ba. Alƙalamin kara ko safar hannu ba sa motsa kibiya komai dannawa, ɗigon ruwa ko gumi kuwa yana iya ruɗa shi, fatar da ta bushe ƙwarai ko ta yi kanta kuma takan ba da alama mai rauni.

Faifan farko yatsa ɗaya yake bi. Wayne Westerman da John Elias na Jami'ar Delaware sun kafa kamfanin FingerWorks a 1998 domin ƙera na'urori masu gane yatsu da yawa a lokaci ɗaya. Apple ya sayi kamfanin a 2005, ya fitar da wayar iPhone a 2007, ya kuma sanya irin wannan faifai a kwamfutarsa ta MacBook Air a 2008. A 2015 ya fito da faifan da ba ya lotsawa sam, sai dai ya auna ƙarfin dannawa ya yi ɗan girgiza wanda yatsa zai ji tamkar maɓalli ne ya shiga.

3.6 Fassarar Motsi

Duk bayanin da ya gabata ƙirge ne kawai. Ma'ana tana zuwa ne daga manhajar kwamfuta, kuma bisa zato take aiki. Alal misali, idan aka ja linzami a hankali kibiya takan yi gajeriyar tafiya, idan aka fizge shi nisan daidai wancan sai ta yi doguwa, domin an tsara cewa mai sauri nesa yake nema. Dannawa biyu ana ɗaukarsu umarni ɗaya ne idan sun faɗo cikin ɗan lokaci, wanda a Windows rabin daƙiƙa ne in ba an sauya ba, da sharaɗin hannu bai gusa a tsakani ba. Idan aka danna aka riƙe aka motsa, sai a ɗauka jan abu ake yi. A faifan shafa kuwa, taɓawa da ɗagawa nan take dannawa ce, yatsu biyu tare gungura shafi ne, taɓi mai faɗi kuma ana zaton gefen tafin hannu ne sai a yi watsi da shi.

Har ila yau, tun a 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abin da ya nufa yana ƙaruwa idan abin yana nesa ko ƙarami ne. A 1978 Stuart Card da Bill English da Betty Burr suka tabbatar da cewa linzami yana bin wannan ƙa'ida. Ma'anar wannan ita ce, ƙaramin da'irar da ake dannawa a zaɓi amsa a jarrabawa yana cin lokaci ko ga gwani, balle ga baƙo.

3.7 Isowarsu Ƙasar Zazzau

Zariya ta daɗe da sanin na'urorin rubutu. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Kwamfuta kuwa ta shigo ne ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, wadda cibiyar kwamfutarta da ke Samaru ta ɗauki sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Manyan kwamfutocin wancan zamani da kati mai huji ake ba su umarni, ba su da wata hulɗa da linzami. Ƙananan da suka biyo baya, masu manhajojin rubutu irin su WordStar da WordPerfect, su ma madannai sun ishe su. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, amma sai bayan fitowar Windows 3.0 a 1990 da Windows 95 a 1995 ne linzami ya zama dole. A lokacin an fi ganinsa a ofisoshi da shagunan buga takardu da ke kewaye da manyan makarantu, kamar na Samaru da Kongo, inda ma'aikacin shago ne ke riƙe da shi, mai takarda yana tsaye yana kallo.

Abin da ya shiga gidajen cikin ganuwa da gaske shi ne wayar salula, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga watan Agusta na 2001, daga baya kuma mai fuskar shafawa ta biyo. A nan ne tarihin Zariya ya saɓa da na Amurka. A can an yi shekaru ana riƙe linzami kafin a san wayar shafawa, a nan kuwa yara da dama wayar suka fara sani. Bambancin ba ƙarami ba ne. Yaron da ya tashi a makarantar allo a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ya saba cewa inda bakin alƙalami ya sauka nan tawada take zama, ido da hannu suna wuri ɗaya. Fuskar waya ma haka take, abin da aka taɓa shi ke buɗewa. Linzami da faifan shafa kuwa sun raba ido da hannu, hannu yana ƙasa, ido yana sama, kuma turawa gaba a kan tebur hawa sama ce a fuskar kwamfuta. Wannan sabo ne da ba a samunsa sai da maimaici.

3.8 Linzami a Ɗakin Jarrabawa

Hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda aka kafa a 1978, ta fara ba da zaɓin rubuta jarrabawa a kwamfuta a 2013, a 2015 kuma ta mayar da ita gaba ɗaya kan kwamfuta. Daga wannan shekara, ɗalibin da ya gama makaranta irin su Alhudahuda ko wata sakandare ta cikin birni, yana neman shiga jami'ar da ke garinsu, galibi ba shi da hanya sai ta gaban kwamfuta. Wanda bai saba ba yakan ƙanƙame linzami, ya motsa shi a daidai lokacin dannawa har kibiya ta kauce, ko ya danna maɓallin dama maimakon na hagu, ko ya kai bakin tebur ya rasa yadda zai yi. Duk wannan yana faruwa ne agogon jarrabawa yana tafiya.

Ita kanta hukumar ta lura da haka. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta fito da tsarin madannai takwas wanda ake iya yin jarrabawa da shi ba tare da linzami ba: A da B da C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R kuma na fasa miƙawa. A shekarar ne kuma ta fara shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Wannan mataki shaida ne cewa na'urar da aka ƙago domin sauƙaƙa aiki ta zama shinge ga wasu. Sai dai tsarin ya kauce wa matsalar ne a rana ɗaya kawai, domin rajistar darussa da neman bayani a intanet da buga kundin digiri suna nan suna jiran ɗalibi a gaba.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda linzamin kwamfuta ya taso daga akwatin katako na 1964 zuwa ƙwallo, daga ƙwallo zuwa haske, da yadda faifan shafa ya shigo a 1994 yana auna cajin lantarki. An kuma ga cewa duk da sauye-sauyen nan, abin da suke miƙa wa kwamfuta bai wuce ƙirgen tsaye da na kwance da dannawa ba, sauran duk fassara ce bisa ƙa'idojin lokaci da nisa da aka tsara a wata ƙasa, ga mutanen da suka riga suka saba. Don haka ba daidai ba ne a auna basirar ɗalibi da rawar da hannunsa ya yi a kan linzami. Abin da ya kamata makarantun Birnin Zariya su yi shi ne su ba kowane ɗalibi damar riƙe linzami da hannunsa tun daga ƙananan azuzuwa, a koya masa nuni da dannawa da ɗagawa, a kuma yi masa bayanin da Hausa, da misalin linzamin dokin da ya riga ya sani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar jarrabawa ba ranar koyon riƙon linzami ba ce.